Man Shafawa Ba Fenti Ba Ne



Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, hira a hostel takan koma kan abu ɗaya: wane mai za a shafa. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, ƙwauri ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka, wanda ya yi dariya da ƙarfi ma sai ya ji a kumatunsa. A daidai lokacin ne kuma kasuwar masu haɗa mai take buɗewa. Buɗe sitatus na WhatsApp ki ga robobi a jere, kowace da kirarinta. Wannan "oganik" ne. Wannan na masu fata mai gautsi ne. Wannan mara nauyi ne, ba ya sa zufa. Wannan kuwa zai "fito miki da ainihin kalarki" cikin kwana bakwai. Ra'ayina da zan kare a wannan shafi shi ne: aikin man shafawa ɗaya ne tak, ya tsare ruwan da ke cikin fata, ya bar ta ta huta. Duk man da ya yi alkawarin sauya launi ya tashi daga man shafawa ya koma magani, magani kuwa ba a sayensa a robar da ba ta da suna.

Bari mu fara da fatar kanta, don yawancinmu mun fi sanin sunayen mayuka fiye da abin da muke shafa wa su. Saman fatar mutum kamar katangar ƙasa yake. Akwai matattun ƙwayoyin halitta da suka jeru kamar tubali, akwai kuma wani maiƙo na jiki da ya cike tsakaninsu kamar laka. Kaurin wannan katanga bai kai na takardar da kuke riƙe da ita yanzu ba, amma ita ke hana ruwan jiki ƙafewa, ita ke tare ƙura da ƙwayoyin cuta. In lakar ta zube, ruwa ya gudu, fata ta bushe ta tsattsage. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga nan sabulun da a da ba ya yi miki komai sai ya fara yi miki raɗaɗi, turaren da kika saba da shi ya fara sa ki susa. Abin da ake kira fata mai gautsi ke nan a taƙaice: katangar da ta yi rauni. Wasu da ita aka haife su, tun suna jarirai suke fama da ƙaiƙayi da bushewar fata. Wasu kuwa da hannunsu suka rushe ta, kuma za mu zo kansu.

Mu a nan Mafara yanayinmu kaɗai ya isa ya gwada ƙarfin katangar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu busasshiyar iska ce daga Sahara, laimar da ke cikinta takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana tsaka. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi ya haura digiri 40. Ƙara da alwala sau biyar, da wanka da ruwa mai zafin gaske da asuba, da dirzar jiki da soso kamar ana wanke tukunya. Ƙara da sabulu. Fatar mutum tana da ɗan tsami, ma'auninta na pH yana wajen 5, shi kuwa sabulun sanda na yau da kullum yana tsakanin 9 da 10. 'Yan sashen kimiyya su ɗauki takardar gwaji su taɓa kumfarsa su gani. Sabulun wanki ya fi haka kaifi, kuma mun san in wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, da shi wasu ke wanka. Ɗaliban Bakura da Maradun da ke komawa gida su taimaka da noman rani a filayen Bakolori, su yini tsaye cikin ruwan shinkafa, hannu cikin taki, ba sai an gaya musu mene ne faso da kaushi ba. Saboda haka kada wani ya ce maganar man shafawa gayu ne na mata. Buƙata ce ta gaske, ta kowa da kowa.

To me mai yake yi? Duk man da ke kan kantar shago, mai araha da mai tsada, aiki uku yake yi ko wani daga cikinsu. Na farko ya jawo ruwa ya riƙe shi a fata, wannan aikin gilisarin ne. Na biyu ya cike tsagar da ke tsakanin tubalan nan fata ta yi laushi, wannan aikin man kaɗanya ne da man riɗi da ire-irensu. Na uku ya rufe saman fata kada ruwan ya gudu, a nan kuwa babu kamar basilin. Tun 1872 wani Ba'amurke, Robert Chesebrough, ya yi rajistar basilin, kuma har gobe likitocin fata shi suke fara ambata wa mai busasshiyar fata, don yana rage ƙafewar ruwa da fiye da kashi 90 cikin 100, kuma da wuya ya tayar wa mutum da ƙaiƙayi. Shi kuwa loshan, wanda ake yi wa kirari da "mara nauyi", ruwa ne aka gauraya da ɗan mai, aka sa abin da zai haɗa su da abin da zai hana su lalacewa. Gwargwadon yawan ruwan, gwargwadon rashin nauyinsa. Babu wani asiri a ciki. Shi ya sa yake daɗi da bazara, mai nauyi kuma ya toshe ƙofofin zufa ya kawo ƙurajen zafi. Da hunturu kuwa mara nauyi shi kaɗai ba ya kai ki azahar.

Ga mai fata mai gautsi ƙa'idar ba ta da wuya: gwargwadon ƙarancin abin da aka zuba a cikin mai, gwargwadon zaman lafiyarta. Turare yana sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da ƙaiƙayi a kayan shafa, ga shi mu kuma da hanci muke sayen mai, a buɗe a shinshina a ce wannan ya yi. Kalmomin da ake rubutawa a jikin kwalba su ma kada su ruɗe mu. Hukumar FDA ta Amurka da kanta ta bayyana cewa babu wani ma'auni na doka da ke tantance kayan shafar da aka rubuta wa "ba ya tayar da ƙaiƙayi", kowane kamfani abin da ya ga dama yake nufi. In haka abin yake a kwalbar kamfani, ina ga robar da aka cika a tsakar ɗaki? Ita kuwa kalmar "oganik" ta zama kamar hatimin tsarki, an faɗe ta an gama magana. Haba jama'a! Barkono ma daga gona yake, amma ba wanda ke shafa shi a fuska. Ruwan lemon tsami da wasu ke gogawa don "goge tabo", in ya haɗu da rana yana iya ƙona fata ya bar tabon da ya fi na farko duhu.

Yanzu mu zo kan robar da ba ta da suna. Man kaɗanya ba ya sa fari. Zuma ba ta sa fari, haka karas, haka madara. Saboda haka duk haɗin da ya sauya launin mutum cikin mako ɗaya ko biyu, akwai wani abu a cikinsa da ba a faɗa ba. Abubuwa uku aka fi samu a mayukan bilicin a duk inda aka yi gwaji: sitiroyid, da haidurokwinon, da zaiba.

Na farkon shi ya fi damuna, don shi ne yake shigowa da rigar mai taimako. Sitiroyid magani ne na gaske. Irin su kulobetasol da betametason suna cikin man tub ɗin nan na kemis mai haɗi uku, likita yakan rubuta su don kumburi da ƙaiƙayi mai tsanani, a shafa a ɗan wuri na 'yan kwanaki a daina. Masu haɗi kuwa matse tub ɗin suke yi a cikin loshan, a shafe jiki gaba ɗaya safe da dare, wata da watanni. Makon farko abin kamar almara: ƙaiƙayi ya kwanta, ƙuraje sun baje, fuska ta yi haske. Dole ne ya kwantar, ai aikinsa ke nan. Amma a hankali yana cinye kaurin fata. Sai jijiyoyi su fara bayyana kore-kore, nankarwa mai faɗi ta fito a damtse da cinya, ƙuraje su dawo da 'yan uwansu, makero da ƙyasbi su samu wurin zama, ɗan ƙwarzane ya ƙi warkewa. Wanda ya daɗe yana shafawa a jiki duka, maganin yana ratsawa cikin jini, yana iya taɓa hawan jini da sukari. Ranar da aka ce a daina kuma fuska ta ɗau zafi, ta yi ja, ta yi ta saɓa. Gaba kura baya sayaki. Sai a koma wurin mai haɗi, ita kuma ta duba ta ce, "Ai ke fatarki ce mai gautsi, bari in haɗa miki mai sanyi." A cikin mai sanyin kuma akwai abin da ya jawo gautsin tun farko. Ina da yaƙinin da yawa daga cikin masu cewa fatarsu ba ta son komai a makarantar nan ba haka aka haife su ba, sayen gautsin suka yi da kuɗinsu.

Haidurokwinon shi kuma hana fata yin launinta yake yi. Wannan launin da ake yaƙa da shi, shi ne laimar da Allah Ya ba mu a ƙasar da rana ke dukan tsakar ka kusan duk shekara. A cire laima a shiga ranar Mafara ta watan Afrilu, me ake jira? In aka daɗe ana shafa shi, yakan juya ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da bayan wuya, wanda ke da wuyar magani ƙwarai. Gaɓoɓin yatsu su ƙi bin sauran jiki, a koma saka safar hannu da zafi. Garin neman gira a rasa ido.

Zaiba kuwa mu Zamfarawa mun san ta, ita ce masu haƙar zinare ke amfani da ita wajen kama zinare. Tana ratsa fata, tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kaiwa ga ɗan da ke ciki, tana bi ta nono. Ba ta tsaya kan mai shafawa kaɗai ba, takan bi tawul da zanin gado ta kai ga wanda bai taɓa buɗe robar ba, mu kuma a hostel me ba ma aron juna? In akwai mutanen da bai kamata a tsaya yi musu dogon bayani a kan gubar ƙarfe ba, mu ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, iyaye suna niƙa dutsen zinare a tsakar gida ba su san ajali suke niƙawa ba, sai da likitocin ƙungiyar MSF suka gano bakin zaren. Waɗancan bayin Allah ba su sani ba, kuma neman abinci suke yi. Mu da ke zaune a aji muna karanta sunayen sinadarai a allo, wane uzuri gare mu?

Duniya ba ta yi shiru a kan wannan ba. Afirka ta Kudu ta hana haidurokwinon a kayan shafa tun 1990, Kodebuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Gana ta bi baya a 2016, Ruwanda ta shiga kasuwanni tana kwashe su daga ƙarshen 2018. Akwai yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka sa wa sunan wani gari a Japan da zaiba ta nakasa mutanensa, Najeriya ta amince da ita a 2018, kuma a 2023 ƙasashen da ke cikinta suka yanke cewa bayan 2025 babu sauran kayan shafa mai zaiba ko kaɗan. A nan gida, a watan Fabrairun 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata tun 2011 sun ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man sa fari. Ko an yi gardama a kan adadin, wanda ya taɓa zuwa ɗaurin aure ko walimar gama makaranta ya san ba ƙaramin abu ba ne. A watan Maris na 2025 BBC ta kawo rahoton wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida, dukkansu suka samu tabo. Abin ya bar kan 'yan mata ya gangara kan ƙananan yara.

Na san abin da wata za ta ce: jikina ne, kuɗina ne, ina ruwanki? Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu nuna 'yar uwa da baki ko yi mata waƙar habaici in ta wuce. Amma zaɓi sai da sani. Wadda aka ce wa zuma ce da karas alhali kulobetasol ne, ba ta zaɓi komai ba, yaudararta aka yi. In mai haɗi ta yarda da kayanta, ta rubuta abin da ke ciki a jikin robar, da sunanta, da ranar da zai lalace. In ta ce sirrin sana'a ne, to fatarki ba filin gwaji ba ce.

Kuma kada maza su karanta wannan suna murmushi kamar ba da su ake ba. Da farko dai akwai samarin da ke shafawa a ɓoye, gaɓoɓin yatsunsu ke tona musu asiri a ɗakin jarrabawa. Na biyu, wa ya ƙirƙiro kasuwar? Wa ke cewa farar mace alkyabbar mata? Wa ke cewa in dai fara ce ko mayya ce a kawo? Yarinya tana jin wannan tun tana firamare, tana ganin wadda ake zaɓa a fim da wadda ake sa wa waƙa a TikTok, ta je biki a ƙauye gwaggo ta tare ta da, "Ke ɗiyata, mi kika shahwawa haka kinka yi baƙi? Karatun ne?" Sannan ranar da fuskarta ta ƙone, saurayin da ya yi ta yabon haskenta shi ne na farkon yi mata dariya a majalisa. Malamanmu sun sha tunatar da mu cewa aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa bambancin launukan mutane cikin ayoyin Allah. Baƙa da wankan tarwaɗa da fara, babu wadda aka yi kuskure wajen halittarta. Ɗan uwa, in bakinka ya daina raina baƙar fata, rabin robobin nan za su rasa mai saye.

Akwai magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. Masu sayar da haɗin nan da yawansu ƙawayenmu ne, da ribar suke biyan kuɗin makaranta, su sayi handawut, su buga firojet. Ba mugaye ba ne, wasunsu ma ba su san abin da ke cikin "farin ruwan" da suke sarowa ba, a bidiyo suka koya. Ba na goyon bayan a tozarta kowa ko a kwace wa kowa jari. Sai dai neman halali bai halatta cutar da wadda ta amince da ke ba. Kuma sana'ar tana da wata ƙofar. Wadda ta iya haɗa mai, ta iya tallarsa, ta tara kwastomomi, me zai hana ta sayar da man kaɗanya mai tsabta, tatacce, a roba mai suna, ta faɗi gaskiyar abin da ke ciki? Riba ba za ta kai ta bilicin ba, na yarda. Amma za ta yi barci ba tare da fargabar ranar da za a turo mata hoton fuskar da ta lalace ba.

Na ambaci man kaɗanya, kuma na san wasu sun yatsina fuska: wari gare shi, nauyi gare shi, man tsofaffi ne, yana sa baƙi. Ba ya sa baƙi, fata ce ke komawa launinta in an daina takura mata. Warin kuwa yawanci daga yadda aka sarrafa shi ne ko daɗewa a ajiye, mai kyau sabo ƙamshinsa kaɗan ne. Abin dariyar shi ne, juya kwalbar man nan mai tsada da aka shigo da shi daga Faransa ko Ingila ki karanta bayanta, sau da yawa za ki tarar da man kaɗanya a ciki da sunansa na Latin. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗanya, amma a ɗanye ake kwashe shi, a sarrafa a waje, a dawo mana da shi a kwalba mai ƙyalli mu biya ninki. Wannan ne ya sa a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Abin da ake wannan kokawa a kansa shi ne muke wucewa a kasuwar Talata muna toshe hanci. Kakanninmu da suka shafa shi, suka shafa alayyadi da man shanu, ba su san kalmar pH ba, amma sun tsufa da fatarsu lafiya lau. Ban ce ya dace da kowa ba. Mai fuska mai maiƙo da yawan ƙuraje ta bar shi a ƙafa da hannu, ta nema wa fuska loshan mara turare.

Ga abin da nake ganin ya wadatar da ɗalibi, mace ko namiji, ba tare da an taɓa kuɗin abinci ba. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, kuma kada a daɗe. A rage sabulu, a sassauta soso. In an fito kada a goge jiki ƙarƙaf, a shafa mai tun da sauran danshi, don man ruwa yake tsarewa, in babu ruwan babu abin da zai tsare. Da hunturu a ɗiga gilisarin kaɗan a tafin hannu, a sirka da ruwa nan take a shafa, sannan a bi da man kaɗanya ko basilin sama-sama. Kada a haɗa ruwa da gilisarin a kwalba a ajiye, yana lalacewa. Leɓe da diddige da bayan hannu a ba su basilin da dare, bayan alwala kuma a ɗan sake taɓa hannu da mai. Da bazara a koma loshan mara nauyi, mara turare, mara kala. Duk sabon mai, kafin ya hau fuska, a gwada shi a cikin damtse safe da yamma na kamar mako guda, in ya yi ja ko ƙaiƙayi a rabu da shi. Wajen saye a duba abu huɗu: jerin abin da ke ciki, sunan kamfani da adireshinsa, lambar NAFDAC, da ranar lalacewa. Lamba ana iya ƙirƙirarta, gaskiya ne, amma robar da ba ta da ko ɗaya daga cikin huɗun ta riga ta ba ki amsa.

Wadda kuma ta riga ta yi nisa da haɗin, kada kunya ta hana ta neman taimako, kuma kada ta nemi maganin a wurin wadda ta sayar mata. Wanda ya daɗe a kan sitiroyid, yankewa rana ɗaya tana iya zama wahala, likita ne zai tsara yadda za a janye a hankali. A fara da asibitin makaranta ko babban asibitin gari, in abin ya fi ƙarfinsu ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A tafi da robar a nuna. Fata za ta yi duhu kafin ta daidaita, za a sha tambaya da kallo, a nan ne ake gane ƙawar arziki. Haka nan ƙaiƙayin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wanda ke hana barci ko ya bazu ga 'yan ɗaki, ba na man shafawa ba ne. Yana iya zama ƙazuwa ko makero, kowanne da maganinsa.

Daga ƙarshe ina da roƙo uku ga ƙungiyar ɗalibai, tunda mujallarta ce wannan. Na ɗaya, a makon ɗalibai mai zuwa a ware awa biyu a gayyato likita ko mai ilimin haɗa magunguna, da jami'in NAFDAC, su yi mana bayani da Hausa, a bar mutane su rubuta tambaya a takarda ba tare da suna ba. Na biyu, shugabannin hostel su zauna da masu sayarwa, cikin mutunci, a yi yarjejeniya cewa duk kayan shafar da za a yi talla a ɗakunanmu da zaurukanmu na WhatsApp sai da jerin abin da ke ciki. Na uku, 'yan uwanmu na sashen kimiyya da na kasuwanci da ke neman batun firojet, ga shi nan a ƙofar ɗaki: yadda za a tace man kaɗanya a rage masa wari, yadda za a auna kaifin sabulan da ake sayarwa a kasuwannin Mafara da Bakura da Maradun, yadda za a ƙulla shi a kai kasuwa. Kwalejin kimiyya da fasaha aka ce, ba wurin haddar handawut kaɗai ba. Makarantar da ke ɗauke da sunan Abdu Gusau ta isa ta fitar da man shafawa na gaskiya da sunan ɗalibanta a jiki.

Difloma shekara biyu ce, in ta ɓace ana sake neman takarda. Fata kuwa guda ɗaya aka ba kowa, da ita za a je bautar ƙasa, da ita za a shiga ɗakin aure, da ita za a tsufa in Allah Ya ba da rai. Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka, ba su ce ka ƙara da fenti ba. Gyara kayanka kuma bai zama sauke mu raba ba. Wadda maganata ta taɓa ta yi haƙuri, don ƙauna na faɗa.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.